Ajin Asabar na Malama a Tudun Wada: abin da na gani a mako 12

Ni ba marubuci ba ne. Shagon kwafi da buga takardu nake da shi a wajejen Kongo a Zariya, rubutun wasu nake bugawa tun safe har dare. Amma tun ranar da na yi suɓutar baki na ambaci ajin nan da na kai ɗana, inda ake koya wa yara fuskantar tsoro da cin zali, a majalisarmu ta bayan Isha'i, mutum huɗu suka tare ni ɗaya bayan ɗaya da tambaya iri guda: wai da gaske yana aiki, ko dai wata sabuwar hanyar tatsar iyaye ce? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na buga wannan. Ba zan faɗi sunan wurin ba, haka ma sunan matar da ke tafiyar da shi, don akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe, kuma ban nemi izninta ba. Malama kawai muke ce mata.

Yaron kuwa ɗan fari ne, ko a gida ba kama sunansa nake yi ba, balle a intanet. Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Shekararsa 14, yana aji uku na ƙaramar sakandare. Tun yana ƙarami yake da in'ina, ba mai tsanani ba, takan riƙe shi ne a farkon kalma. Yaro ne mai shiru-shiru. In an yi baƙi zai durƙusa ya gaishe su kai a sunkuye, ya sulale ya bar wurin. Sai ka ji an ce, "Kai Malam, ka iya tarbiyya, yaron nan akwai kunya." Ni kuwa kaina ya fasu. Shekara da shekaru ina karɓar yabo a kan abin da ashe ciwo ne yake cin yaro.

Da ciwon ciki abin ya fara fitowa. Duk safiyar Litinin sai ya kwanta yana murƙususu. Muka sha sayen maganin olsa da na tsutsa a kemis, a banza. Ranar Asabar kuwa garau, har ƙwallo yake bugawa da ƙannensa a tsakar gida. Ƙanwarsa ce ta fasa ƙwan, ita ma ba da niyya ba. Suna faɗa a kan rimot ta ce masa "Janareto", sai yaron nan ya saki rimot ɗin ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Da uwarsu ta tsare ta, sai ga zance ya fito. Sunan da duk makarantar ta san shi da shi ke nan. In malami ya ce ya tashi ya yi karatu, wani daga bencin baya zai sunkuya ya yi kamar yana jan igiyar tada janareto, sau ɗaya, sau biyu, sauran kuma su ɗauki "tu-tu-tu-tu" ƙasa-ƙasa yadda malami ba zai ji ba. Kuɗin tara da nake ba shi, ₦200, wasu yara uku ne ke karɓewa a bayan ajin, wai kuɗin fetur. Daga baya har wani ya ɗauke shi a waya yana fama da wata kalma, ya tura zauren WhatsApp na 'yan ajinsu.

Abin da na yi da na ji, ina jin kunyar faɗinsa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kiransa na yi na hau shi da faɗa. "Kai ba namiji ba ne? Hannunka a ɗaure yake? Gobe duk wanda ya taɓa ka ka rama!" Ya kuwa rama. Ya dawo da fasasshen leɓe da yagaggen aljihu, kuma shi aka yi wa bulala, don naushinsa kaɗai malami ya gani. Daga ranar ko gaisuwar safe sai ya aiko ƙanwarsa ta duba ko na fita.

Uwarsa ce ta jiyo labarin ajin a Islamiyyarsu ta matan aure. Malama tsohuwar malamar ba da shawara ce a wata sakandaren gwamnati, ta yi karatunta a tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta yi ritaya. Aji ɗaya take haya a wata firamare mai zaman kanta a Tudun Wada, ranar Asabar kawai. Maza da safe, ƙarfe 9 zuwa 11, 'yan mata bayan Azahar. Tana da mataimaki, wani saurayi ɗalibin jami'a. A zangonmu kuɗin ₦18,000 ne na mako 12, ana iya biya kashi biyu. Namu zangon ya fara ne a ƙarshen Satumba ya ƙare a Disamba. Mu daga Gyallesu ba nisa, amma akwai wani bawan Allah da ke kawo ɗansa daga Samaru, ya ce mini in ya haɗa kuɗin mota na su biyu zuwa da dawowa, ya zarce kuɗin ajin.

Makon farko na iyaye ne, ba a zuwa da yara. Na tafi ne da shirin jin wa'azi, ina ta duba agogo don na bar shago. Sai matar nan, 'yar gajeriya da tabarau a kan hijabi, ta rubuta kalma biyu a allo: wasa, cin zali. Ta ce mu Hausawa ba wanda ya kai mu wasa. Akwai na taubasai, akwai na jika da kaka, ga kuma namu na Zazzagawa da Kanawa da ba ya ƙarewa. Ta ce duk waɗannan, in ka duba, kowa na da damar ramawa, kuma tare ake dariya. Sannan ta kawo alamomi uku da wani masani ɗan asalin Sweden da ya yi aiki a Norway mai suna Dan Olweus ya fitar, wanda ya fara binciken cin zali a makarantu tun shekarun 1970: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ƙarfi ba ɗaya ba, ko na jiki, ko na yawa, ko na baki. Ta ce in ukun nan suka haɗu, ka daina cewa yara ne suke wasa. Ta ƙara da cewa wani rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya 'yan uwansa ɗalibai sun ci zalinsa a cikin wata gudan da ya gabaci tambayar. Wani dattijo a gefena ya ce, "To ai mu ma an yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba." Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Haka ne Alhaji. Kana tuna sunan wanda ya yi maka?" Ya faɗi sunan nan take, har da unguwarsu. Ta ce, "Shekara nawa ke nan?" Bai amsa ba.

Bayan an tashi tana ganin kowane uba ko uwa su kaɗai na 'yan mintoci. Ni tambaya ɗaya ta yi mini. "Malam, yaushe rabon da ka zauna da shi ku biyu, ba aike ba, ba faɗa ba?" Na ce, "Malama, ai ɗan fari ne." Ta yi murmushi ta ce ta sani, ita ma a cikin birni ta tashi, mahaifinta bai taɓa kiran sunan yayansu ba har ya rasu. "Amma ku da iyayenku suka yi muku alkunya, a babban gida kuka tashi. Akwai kaka, akwai baffa, akwai gwaggo, in uba ya kau da kai wani zai jawo ka jiki. Shi wannan a gidan haya mai ɗaki biyu, in ka yi masa alkunya, wa ya rage masa?"

Har ga Allah, da a ce ranar aka rufe ajin, da kuɗina sun fita. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni kakana ne ya raine ni, a zaurensa nake cin abinci, shi nake kai wa ƙara in an doke ni. Na ɗauko alkunyar na taho da ita Gyallesu, na baro zauren a can.

Ita ba ta yaƙi da kunya, kuma wannan ne ya kwantar mini da hankali, don na shiga da fargabar za a mayar mini da yaro marar ta ido. Cewa take yi kunya tana daga imani, ba ta isa ta taɓa ta ba. Abin da take rabawa shi ne kunya da tsoro. Mai kunya zai iya magana, girmamawa ce ta sa ya yi shiru. Mai tsoro yana son maganar, maƙogwaro ne ya ƙi. Daga waje kamanninsu ɗaya, dukansu kai a ƙasa, shi ya sa mu iyaye muke ruɗewa.

Babban aikin ajin abin da take kira tsani ne. Kowane yaro zai rubuta abubuwa goma da ke firgita shi, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, sai a riƙa hawa mataki-mataki. Ba a tsallake, kuma ba a barin mataki sai an maimaita shi har gaba ya daina faɗuwa. Ta ce gujewa ce ke ciyar da tsoro: duk ranar da yaro ya kauce wa abin da yake tsoro zai ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, gobe kuma abin ya ƙara masa girma. Na ga takardar nawa yaron a cikin jakarsa, ban nuna masa na gani ba. Na ɗaya, gaida mai shagon layinmu da murya. Na uku, ce wa mai Keke Napep akwai sauka. Ashe sau da yawa sai an wuce da shi layinmu, ya gwammace ya dawo a ƙafa da ya buɗe baki a gaban fasinjoji. Na biyar, neman ragi a kasuwa. Na tara, karatu a gaban aji. Na goma, wanda ya fi komai wuya a wurinsa, an rubuta: yi wa Baba magana.

Na mayar da takardar na rufe jakar.

Ranar mataki na biyar na bi shi kasuwar Tudun Wada daga nesa, na laɓe a rumfar wani mai buhuna. Aikin gida ne, a sayo albasa, kuma dole a nemi ragi. Sau biyu yana wuce mai albasar yana dawowa. A na uku ya tsaya, na ga ya ja numfashi ta hanci ya sake shi a hankali kamar yadda aka koya musu, kafaɗunsa suka sauka. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga bakinsa ya maƙale a kalmar farko, yana ƙifta ido. Mai albasar, wani dattijo da hular saƙi, Allah ya saka masa da alheri, bai ƙarasa masa ba, bai kau da kai ba, ya ci gaba da kallonsa yana jira. Kashin ₦500 ya samo a ₦400, har da gyaran ƙwaya ɗaya. Yadda ya riƙo ledar nan zuwa gida sai ka ce kofi ya ciyo. Uwarsa ta ce albasar duk ƙanana ce, an cuce shi, na yi mata ido ta yi shiru.

A mako na takwas ana barin iyaye su zauna a baya su kalli abin da ake yi. Benci aka jera a zagaye, ba layi-layi ba. Mataimakin nan shi ke fitowa a matsayin mai cin zali, kuma ya iya, har sai da na ji zuciyata ta tafasa. Kowane yaro da irin abin da ake yi masa a makarantarsu. Da aka zo kan nawa, saurayin ya sunkuya ya ja igiya, sau ɗaya, sau biyu. Ajin ya yi tsit. Yaron ya miƙe tsaye sosai, hannuwa a sake, ya kalle shi a fuska, ya ce, "B-ba sunana ke nan ba." Ya juya ya taka, ba da gudu ba, zuwa inda aka ce nan ne wurin jama'a. Shi ke nan. Malama ta sa ya maimaita har sau huɗu, don a na farko murya ta yi ƙasa, a na biyu ya kalli takalminsa. Dalilinta shi ne mai cin zali abu biyu yake nema, ko kuka ko faɗa, duk wanda ya samu ya ci riba a gaban 'yan kallo. Gajeruwar magana da tafiya cikin natsuwa ba ta ba shi ko ɗaya.

Abin da ya fi burge ni a ranar shi ne ba wanda ake zalunta kaɗai take horarwa ba, har da 'yan kallo. Ta ce wani bincike da aka yi a filayen wasan makarantu a Kanada, aka buga a 2001, ya gano cewa in wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokuta abin yana tsayawa cikin daƙiƙa 10. Don haka kowane yaro sai ya gwada tashi ya ce "Kai, ya isa haka" a madadin wani, ko ya je ya ja hannun wanda aka tsare ya ce "Zo, malam na kira." Ta kuma ba su aikin neman aboki guda a ajinsu na makaranta, guda ɗaya tak, wanda za su riƙa fita tara tare. Batun waya kuwa ƙa'ida uku ce: kar ka mayar da martani, ka ɗauki hoton saƙon ka ajiye, ka nuna wa babba. Sannan kowa yana da ɗan littafi mai falle 20 da yake rubuta rana, wuri, wa ya yi, me ya yi, su wa ke wurin. Tana yawan nanata musu cewa tsegumi shi ne ka kai magana don a hukunta wani, neman taimako kuwa don ka tsira ne, kada wani ya ruɗe su da "ɗan kai ƙara".

To, yanzu ga inda takalmin ke matsi.

Yara 23 ne a zangonmu. Sun yi yawa. Aikin da ake so kowa ya tashi ya gwada sau uku sau huɗu, in ka raba awa biyu ga mutum 23, me ya rage? Kuma awa biyun ma ba cika take yi ba, don kusan kullum sai an tsaya jiran maigadin da ke riƙe da makulli, wani lokaci har tara da rabi. Yaran da aka kawo don suna tsoron mutane, a bar su tsaye cirko-cirko a bakin titi ba mai ce wa wani uffan. Ajin kwano ne ba silin, a zafin Oktoba kamar tanda, fanka ɗaya ce kuma sai in an kawo wuta. Sau biyu aka soke zama ba sanarwa, mun je mun tarar da ƙofa a rufe. An rama ɗaya, ɗayan ya bi ruwa. Rasit kuwa sai da na tambaya sau uku, aka rubuto mini a takardar da aka yago daga littafi.

Takardun da ake raba wa yara, a nan dole in yi magana a matsayin mai sana'a. Kwafin kwafin kwafi ne, tawada ta ƙare, layin ƙasa ya yanke, wasu shafukan a karkace. Kuma duk da Turanci suke, da hotunan yaran Turawa a gaban akwatunan ajiya irin na makarantunsu, alhali duk bayanin baki da Hausa ake yi. Uwarsa ta so ta karanta ta taimaka masa, ta kasa. Na ce wa Malama ta rubuto da Hausa in buga mata kyauta, ta ce in sha Allahu, har yau ina jira.

Mataimakin yana da ƙoƙari, amma yana da wata ɗabi'a da ya kwaso daga bidiyoyin masu zaburarwa, ya sa yara su miƙe su daki ƙirji suna ihun cewa su zakaru ne, da Turanci. Nawa ya ce mini shi motsa baki kawai yake yi. Ni dai a ganina yaron da aka ƙwace wa kuɗin tara ranar Juma'a ba zai yarda shi zakara ba ne ranar Asabar don an sa shi ihu. Albasar ₦400 ta fi wannan aiki nesa ba kusa ba. Haka ranar da ya kawo musu labarin Joe Biden, tsohon shugaban Amurka, cewa ya yi fama da in'ina yana yaro. Gaskiya ne, amma yaran kallonsa kawai suka yi. Da Malama ta karɓa ta tuna musu addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, a Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Allah ya warware ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa, ta ce wannan fa wanda aka aika wurin Fir'auna ne, nan ne na ga yarona ya ɗago kai.

Kuskure mafi girma shi ne wani yaro da iyayensa suka kawo don shi ne mai dukan wasu a makarantarsu, aka haɗa shi aji ɗaya da waɗanda ake duka. Mako biyu bai yi ba ya laƙaba wa wani mai ƙiba suna, a cikin ajin da aka zo neman magani. Malama ta raba shi daga baya, tana ganinsa shi kaɗai, ta kuma ba iyaye haƙuri. Amma yaron mai ƙiba bai sake dawowa ba. Wanda ya shekara talatin a wannan aiki bai kamata a ce sai da abin ya faru ya gani ba.

Inda na ƙara ganin girmanta kuwa, ba ta da'awar abin da ba ta iya ba. Tun farko ta ce mini ita ba ta maganin in'ina. Ta ce ba tsoro ke kawo ta ba, ba kuma aljanu ba, takan bi jini, ta fi yawa ga maza, kuma kusan mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana da ita. Tsoro dai yana ƙara mata nauyi. Na ce to me ya sa in yana tilawa a Islamiyya ko yana bin waƙa ba ya maƙalewa ko kaɗan? Ta ce haka take ga mafi yawansu, rerawa da karatu tare da jama'a suna sassauta ta. Ta ba mu shawarar mu je asibitin koyarwa na Shika a duba shi su faɗa mana inda za mu dosa. A taron iyaye ma ta ja kunne: duk wanda ya ga ɗansa ya daina ci, ya daina barci, yana yanka jikinsa, ko yana maganar gara ya mutu, kada ya jira Asabar, likita zai nufa, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Shika. A gabana ta mayar wa wata mata kuɗinta a kan haka.

Wani abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya biya: ajin ba ya zuwa makarantar ɗanka. Wannan naka ne. Ni sai a mako na shida na je. Zuwan farko mataimakin shugaban makarantar ko zama bai ce in yi ba, ya ce, "Malam, yara ne, wasa ne, in muka biye wa irin wannan ba za mu yi karatu ba." Na dawo raina a ɓace. Malama ta ce in koma, kada in ɗaga murya, in tafi da littafin yaron da hoton saƙon WhatsApp, in nemi a kira malamin ajinsu, kuma in tambayi ranar da zan dawo jin abin da aka yi. Na bi yadda ta ce. Na buga komai tsaf a shagona, shafi uku, kwanan wata goma sha ɗaya, na ajiye a kan teburinsa. Sai ga kujera an jawo mini. Aka kira iyayen yaran uku, aka sauya wa biyu aji, aka sa wanda ya tura bidiyon ya goge a gaban kowa. Malamin addininsu, wanda ashe bai san komai ba, ya ɗauki darasi guda a kan ayar Suratul Hujurat da ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Ɗaya daga cikin iyayen har yau ba ya amsa sallamata, wannan kuma shi ya jiyo.

Shin yaron ya canza? In'ina tana nan. Sunan ma bai mutu gaba ɗaya ba, ya ce akwai masu faɗa in sun hango shi a hanya. Mataki na tara sau biyu kawai ya yi shi, na biyun ma bai kai ƙarshen shafi ba. Amma ciwon cikin Litinin ya tafi, kuɗin tara yana shiga cikinsa, kuma yana da aboki, wani siririn yaro ɗan Tudun Jukun mai surutu kamar rediyo, wanda ina jin ya samu wanda ba zai katse shi ba ne. Wanda ɗansa ke da noƙewa ko ake tsangwamarsa, kuma zai iya zuwa taron iyaye da kansa ya taka zuwa makaranta, ina ganin kuɗin ba asara ba ne. Ya dai tambayi yawan yaran zangon tukuna, in sun haura 15 ya jira na gaba. Wanda kuma yake so ya ajiye yaro a ƙofa ya dawo bayan wata uku ya karɓi sabo, ya riƙe kuɗinsa.

Mu iyaye ma an ba mu namu aikin gida. Nawa shi ne minti goma kullum da shi, da kuma kada in ƙarasa masa magana in ya maƙale. Na farkon na mayar da shi zuwa shago, ranar Lahadi yana taya ni jera takardu da buga sitefula, a nan muke 'yar hirarmu, ido a kan aiki ba a kan juna ba, ya fi mana sauƙi mu duka. Na biyun ne ya gagare ni. Shekara goma ina ƙarasa masa, a zatona taimako ne.

Makon jiya wata ɗaliba ta kawo kundin bincikenta a ɗaure mata, ta tambayi kuɗi. Ina can ciki ina fama da injin da ya cinye takarda, sai na ji ya fara, "D-d-d..." Kafin in ankara bakina ya riga ni, na ɗaga murya daga ciki na ce dubu biyu ne. Ta biya ta tafi. Ya gama jera abin da ke hannunsa, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ciki, ya ja numfashin nan nasa.

"Baba, da ka b-bari na gama. Dubu biyu da ɗari biyar ne, mai bango mai kauri ta ce."

Na duba takardar da ta cike. Mai kauri ta ce.